Kambun Grammy da Waƙoƙin Addini: Mai Tsara Fom Ya Fi Mai Cikewa Iko



Duk shekara idan aka yi bikin raba kambun Grammy a Amurka, sai an kwana biyu ana cacar baki a dandalin nan. Wannan ya ce an yi wa gwaninsa fashi, wancan ya ce ai dama Turawa ba ƙaunarmu suke ba. A 2024 da aka buɗe gurbin waƙar Afirka, huɗu daga cikin waƙoƙi biyar da suka shiga takara na 'yan Najeriya ne, sai ga Tyla 'yar Afirka ta Kudu ta yi gaba da kambun, aka yi ta kumfar baki. A 2025 Tems ta ɗauko shi, aka huce.

To ni yau ba nan zan taɓa ba. Akwai wani lungu a bikin da ba kasafai muke leƙa shi ba, don yawanci tun da rana ake raba kambunansa, kafin babban taron dare da ake nunawa a talabijin. Shi ne ɓangaren waƙoƙin addini, musamman waƙoƙin bishara na Kirista, waɗanda Turawa ke kira gospel. A ganina duk mai son ya gane yadda irin waɗannan kambuna ke aiki, nan ya kamata ya duba.

Mu da muke aikin ofis mun san wani abu: wanda ya zauna ya tsara fom ya fi wanda zai cike shi iko. In fom ya ce ka zaɓi ɗaya cikin akwati uku, kai kuma ba ka cikin ko ɗaya, to ko dai ka cusa kanka inda bai dace da kai ba, ko ka naɗe takardunka ka koma gida. Tarihin kambun waƙoƙin addini kusan duk a kan haka ya ginu: wa ya zana akwatunan, wane suna ya ba su, wa ya samu shiga, wa aka bari a bakin ƙofa.

Bari mu fara daga tushe. Tun kafin a yi maganar kambu, waƙar bishara a Amurka kogi biyu ce, kowanne da hanyarsa, saboda coci-cocin ƙasar ma a rabe suke, na baƙaƙe daban na farare daban.

Kogin baƙaƙen fata ya taso ne daga waƙoƙin da bayi ke rerawa a gonakin kudu, ya zo ya samu sabuwar siffa a birnin Chicago a hannun wani mutum, Thomas Dorsey. Shi da farko makaɗin fiyano ne a gidajen rawa, kiɗan blues yake yi, har da waƙoƙin batsa. A 1932 matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma ya bi ta. Cikin wannan baƙin cikin ya rubuta waƙarsa da ta fi shahara, "Take My Hand, Precious Lord". Ya ɗauko salon kiɗan da ya iya ya kai shi coci, limamai da yawa suka ce ba su san zance ba, wannan kiɗan mashaya ne. Amma masu ibada suka karɓa. Babbar muryar wannan salo ita ce Mahalia Jackson, haifaffiyar New Orleans, wadda faifanta na 1947 ya sayu fiye da yadda kowa ya zata. An sha lallashinta ta yi blues ko ta yi waƙa a gidajen rawa, ta ƙi har ta mutu.

Kogin fararen fata kuma na kudancin ƙasar ne, maza huɗu-huɗu ke tsayawa su haɗa murya. Abin lura, shi wannan tun asali da kasuwa ya tashi. A 1910 wani mai buga littattafan waƙoƙin coci a jihar Tennessee, James Vaughan, ya ɗauki mawaƙa huɗu aiki, suna yawo coci-coci suna rera waƙoƙin da ke cikin littafinsa don mutane su saya. Wato talla ce. Daga nan sana'ar ta bunƙasa, aka samu ƙungiyoyi irin su Blackwood Brothers. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Ita Grammy, masu sana'ar faya-fayai ne suka kafa ƙungiyarsu a 1957, suka yi bikin farko ranar 4 ga Mayu, 1959, da gurbi 28. Sunan ma daga garmaho aka ciro shi, shi ya sa kambun yake da siffar ɗan ƙaramin garmaho. A bukukuwa ukun farko babu gurbin waƙar addini ko ɗaya. Sai a 1962 aka buɗe guda, aka sa masa suna mai faɗi: faifan bishara ko na wani addini. Mahalia Jackson ce ta ci, ta sake ci a 1963.

A 1964 sai abin ya tafi wani wuri da ba a zata ba. Wata sista 'yar Katolika daga Beljiyam, irin matan nan masu zaman zuhudu, Jeannine Deckers, ta yi wata waƙa da Faransanci mai suna "Dominique", a kan waliyyin da ya kafa ɗarikarsu. Waƙar ta hau saman jadawalin ciniki na Amurka a watan Disamba na 1963, ta kuma ci Grammy. Amma kuɗin ba aljihunta suka shiga ba, kamfanin faifai da gidan zuhudun ne suka kwashe. Bayan ta bar gidan, hukumar harajin Beljiyam ta taso ta a gaba kan kuɗin da ba ta ci ba. Ta mutu a 1985 cikin bashi da ƙunci. Tun a shekara ta uku ke nan aka ga cewa kambu daban, cin moriyar waƙa daban.

Daga nan ne labarin ya fara ɗaukar zafi. Daga bikin 1964 har na 1969, bukukuwa shida a jere, babu baƙar fata ko ɗaya da ya ci kambu a ɓangaren addini. Ku tuna wane lokaci ne fa: shekarun gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe ne, lokacin da waƙoƙin cocinsu ne ke riƙe da masu zanga-zanga a kan titi. Mahalia ta yi waƙa a babban gangamin Washington na 1963, da aka kashe Martin Luther King a 1968 kuma ita ta rera waƙar nan ta Dorsey a wurin jana'izarsa. Duk da haka masu jefa ƙuri'ar Grammy mawaƙan country da 'yan huɗu-huɗun kudu suke zaɓa.

Da abin ya yi yawa, maimakon a tambayi me ya sa masu ƙuri'a ba sa jin kogin baƙaƙe, sai aka ƙara akwati. A 1968 gurbin ya zama biyu, a 1969 ya zama uku. Ga yadda aka raba: kalmar gospel ita kaɗai, ba ƙari, ta zama ta farare, su kuma baƙaƙe aka yi musu nasu gurbin aka liƙa masa kalmar soul a gaba. Wato masu abu ne suka koma ana yi musu ƙarin bayani. Abin dariya, abin takaici, wadda ta fara cin wannan gurbi na baƙaƙe a 1969 Baturiya ce 'yar jihar Kentucky, Dottie Rambo, da wani faifai da ta yi tare da mawaƙan cocin baƙaƙe. Mawaƙiya ce ta gaske, ba a raina ta ba, amma dai kun ga inda aka dosa.

A cikin wannan tsakanin ne Elvis Presley ya shigo. Mutumin da duniya ke kira sarkin kiɗan rock, duk tsawon rayuwarsa Grammy uku ya ci a takara, kuma duka ukun na waƙoƙin addini ne: a 1968, da 1973, da 1975. Ko ɗaya bai ci da kiɗan da ya yi suna a kansa ba. Wannan ya nuna abu biyu. Elvis da gaske yake son waƙar coci, a cikinta ya tashi. Sannan dattawan da ke riƙe da ƙungiyar a lokacin ba su ɗauki rock a bakin komai ba, sai gurbin addini ya zama ƙofar da za su karrama shi ba tare da sun karrama kiɗansa ba.

Sai a 1970 kambu ya koma hannun baƙaƙe, ta hanyar "Oh Happy Day" ta Edwin Hawkins. Labarinta ma abin ji ne. Matasan coci ne a arewacin California suka ɗauki waƙoƙi a cikin cocinsu, suka buga faifai 'yan ɗaruruwa don su tara kuɗin tafiya taro. Wani mai gabatar da shiri a rediyon San Francisco ya fara sa waƙar, kafin ka ce kwabo ta shiga sahun biyar na farko a jadawalin Amurka da na Ingila a 1969. Wasu shugabannin coci ba su ji daɗi ba, suna ganin waƙar ibada ba ta da hurumi a tashar da ake sa kiɗan rawa. A 1973 kuma Aretha Franklin, 'yar limamin coci da ta zama sarauniyar kiɗan soul, ta ci da kundinta "Amazing Grace", wanda ta ɗauka kai tsaye a wani coci a Los Angeles a watan Janairu na 1972. Ya sayu sama da kwafi miliyan biyu a Amurka. Daga nan kamfanoni suka tabbatar akwai kuɗi a wannan fage.

Yanzu mu koma kan 'yan huɗu-huɗun kudu. Su ma ba su gamsu da gurbi ɗaya ko biyu a bikin wasu ba. A 1964 suka kafa ƙungiyar masu waƙar bishara, a 1969 suka fara nasu kambun a birnin Memphis, suka sa masa suna Dove, wato kurciya, wadda a wurin Kirista alama ce ta Ruhu Mai Tsarki. Tsarin zaɓen shi ne duk wanda ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya yana da ƙuri'a.

To ai kun san abin da zai biyo baya. A 1971, bikin na uku kacal, Blackwood Brothers da na kusa da su suka kwashe mafi yawan kambunan. Da aka bincika sai aka gano sun yi gagarumin kamfen na shigar da magoya bayansu ƙungiyar, tare da nuna musu waɗanda za su zaɓa. Ashe siyasar daliget ba mu muka fara ta ba. Ƙungiyar ta soke sakamakon, jagoran mawaƙan, James Blackwood, ya fito ya ɗauki laifi ya ba da haƙuri, aka gyara dokokin zaɓe. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne sokewar. Mutanen nan su ne manyan gidan, da su aka kafa ƙungiyar, amma aka iya ce musu a'a. Da an rufe maganar don kada a kunyata manya, da wuya kambun ya kai yau da mutuncinsa.

Daga shekarun 1970 zuwa 1980 wani sabon reshe ya tsiro: matasa farare da ke yin pop da rock amma da saƙon Kiristanci. Cibiyarsu ta zama Nashville. Suna da gidajen rediyonsu, da shagunan littattafan addini da ke sayar da kasusuwansu. Amy Grant ce tauraruwarsu. Kundinta na 1982 ya sayu kwafi miliyan, a 1991 kuma ta hau saman jadawalin ƙasa da waƙar soyayya zalla, wasu masoyanta suka ce ta sayar da addini. Manyan kamfanoni suka fara saye ƙananan kamfanonin Kirista, misali EMI ya sayi Sparrow a 1992. Grammy ta bi kasuwa: a 1991 aka sake zana ɓangaren ya zama gurbi shida, na rock, na pop, na kudu, na baƙaƙe salon gargajiya, na baƙaƙe salon zamani, da na ƙungiyar mawaƙan coci.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Da kuɗi suka shigo, sai tambayar da Dorsey ya fuskanta tun 1930 da wani abu ta dawo da sabuwar riga: wai shin mece ce waƙar addini? Kiɗan ne ke sa ta zama ta addini, ko kalmomin, ko imanin mai rerawa? A sauran gurabun Grammy da kunne ake rarrabewa, kana ji ka san wannan jazz ne wancan reggae. A nan kuwa sai an saurari abin da ake faɗa. A ƙarshen shekarun 1990 masu Dove suka zauna suka rubuta ma'anar waƙar bishara a takarda, cewa dole kalmominta su dogara da koyarwar Littafi Mai Tsarki, ko yabon Allah, ko shaidar bangaskiya. Da wannan ma'aunin aka cire wasu waƙoƙi daga takarar 1999, ciki har da "Kiss Me" ta ƙungiyar Sixpence None the Richer, waɗanda Kirista ne kuma 'yan gida, amma waƙar ta soyayya ce. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya aka sassauta dokar. Kwamiti na iya ƙirga sau nawa aka ambaci sunan Allah a waƙa. Abin da ke zuciyar mawaƙi kuwa, babu fom ɗin da ke da akwatinsa.

Su kuma baƙaƙe, ganin cewa Dove gidan Nashville ne, su baƙi ne a ciki, sai suka gina nasu. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan kasuwar talabijin a Chicago, Don Jackson, ya kafa kambun Stellar don mawaƙan bishara baƙaƙe. Har yau haka ake tafiya: addini ɗaya, ƙasa ɗaya, biki biyu.

Kada wani ya ce ai wannan tsohon zance ne. A 2016 Kirk Franklin, wanda ya fi kowa tasiri a waƙar bishara ta zamani, ya karɓi kambu a bikin Dove, ya yi magana a kan kashe-kashen da ke tsakanin 'yan sanda da baƙaƙen fata. Da tashar TBN ta zo nuna bikin sai aka yanke wurin. A 2019 ya sake cin kambu, ya nemi a yi addu'a ga iyalan Atatiana Jefferson, wata baƙar fata da ɗan sanda ya harbe a cikin gida a Fort Worth kwanaki kaɗan kafin bikin. Aka sake yankewa. Sai ya fito ya ce ya ƙaurace wa bikin da tashar har sai an ga gyara na gaske. Ƙungiyar ta ba da haƙuri. Kun ga ke nan bayan mai tsara fom, akwai kuma mai riƙe da almakashi.

A 2012 Grammy ta yi babban garambawul, ta rage gurabunta daga 109 zuwa 78. Ɓangaren addini ya sauko daga bakwai zuwa biyar, aka raba shi gida biyu: gospel, da kuma waƙar Kirista ta zamani. A takarda babu maganar launin fata. A aikace kowa ya san na farko yawanci na baƙaƙe ne, na biyu yawanci na farare. Wato bayan shekara arba'in da wani abu, kalmar gospel ta koma gidan su Dorsey. Su kuma 'yan huɗu-huɗun kudu da suka riƙe sunan a da, suka wayi gari ba su da gurbi, sai a 2015 aka buɗe musu wani na waƙoƙin bishara na gargajiya.

Sabon zanen ma bai hana ruɗani ba. A 2013 Lecrae, mawaƙin rap, ya ci kambun kundin gospel, karo na farko da ɗan rap ya yi haka. Kanye West kuwa, a 2005 waƙarsa "Jesus Walks" a gurbin rap ta ci. A 2021 kundinsa "Jesus Is King", mai cike da amon mawaƙan cocin baƙaƙe, a gurbin waƙar Kirista ta zamani ya ci. Mutum ɗaya, batu ɗaya, akwati daban-daban.

Yanzu ga inda abin ya shafi sauran duniya. Kun tuna sunan gurbin 1962 ya ce bishara ko wani addini? Tun 1967 wannan jelar ta ɓace daga sunan, ba ta kuma dawowa ba. A yau ɓangaren kaf na Kiristanci ne. Wannan ba abin mamaki ba ne, don ƙungiyar ta Amurka ce, kasuwar Amurka take aunawa. Amma dubi inda sauran ke faɗawa.

Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan, gwanin ƙawwali, wato waƙoƙin bege na Sufayen can, ya shiga takara a 1997 a gurbin waƙoƙin gargajiya da na kiɗan duniya. A shekarar ya rasu. 

Youssou N'Dour na Senegal ya yi wani kundi mai suna "Egypt" tare da makaɗan Masar, kaf ɗinsa yabon Allah ne da shehunan ɗarikun Senegal: Shehu Ahmadu Bamba na Muridiyya, da Tijjaniyya, har da waƙa sukutum a kan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ba sai an gabatar da shi ga mutanen Kano ba. Ya jinkirta fitar da shi saboda harin 11 ga Satumba, 2001, sai a 2004 ya fito. A gida Senegal aka yi masa ca, wasu na ganin mawaƙin rawa ba shi da hurumin ambaton waliyyai. Daidai abin da aka ce wa Dorsey, daga wani ɓangaren. A 2005 kundin ya ci Grammy, a gurbin kiɗan duniya na zamani, aka tarbe shi a Dakar da gagarumin biki. Faifan addini ne tsantsa, amma a fom ɗin Grammy sunansa kiɗan duniya.

Kada a ɗauka Musulmi kaɗai abin ya shafa. Soweto Gospel Choir na Afirka ta Kudu, kalmar gospel na cikin sunansu, Kirista ne, waƙoƙin coci suke yi da Zulu da Sotho da Turanci. Sun ci Grammy a 2007, da 2008, da 2019, kuma duka a gurbin kiɗan duniya. Ashe ba addini kaɗai ake dubawa ba, ana duba daga ina ka fito da wace kasuwa kake ci.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Sinach, mawaƙiyar coci 'yar Najeriya. Ta fitar da "Way Maker" a ƙarshen 2015, waƙar ta karaɗe coci-cocin Afirka shekara da shekaru. Sai da mawaƙan Amurka irin su Leeland da Michael W. Smith suka sake rera ta, ta kuma zama waƙar da ake rerawa a harabar asibitoci lokacin korona, sannan a 2020 Dove ta ba ta kambun waƙar shekara, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta samu. Abin alfahari ne ƙwarai. Amma waƙar da aka karrama a 2020 ita ce dai ta 2015, ba abin da ya ƙaru a cikinta. Kunnen masu ƙuri'a ne ya iso a makare.

A Ghana kuma sun gwada wata hanya. Can mawaƙan bishara na shiga takarar babban kambun ƙasa tare da kowa: Joe Mettle ya zama gwarzon mawaƙin shekara a 2017, Diana Hamilton a 2021. Wato masu tsarin ba su kulle su a lungunsu ba, suka fito fili suka kayar da 'yan kiɗan zamani.

In ka haɗa duk wannan, za ka ga kambu na amsa wata tambaya ce ƙarama: a cikin faya-fayan da aka miƙa, aka kuma ajiye a wannan gurbi, wanne ne ya fi burge 'yan ƙungiyar da suka jefa ƙuri'a a bana? A Grammy kamfanoni da 'yan ƙungiya ne ke miƙa ayyuka, a tantance gurbin da kowanne zai shiga, sannan mawaƙa da marubuta da masu haɗa sauti da ke da rajista su yi zaɓe. Har zuwa 2021 akwai ma wasu kwamitoci da ba a bayyana sunayen mambobinsu, masu tace jerin 'yan takara a gurabu da dama, sai da aka yi ta ƙorafi sannan aka rushe su. Wanda bai miƙa ba, ko ba a san shi a wannan da'irar ba, ko da muryarsa na sa dutse kuka, ba ya cikin lissafi.

Ban ce kambu banza ba ne. Yana buɗe ƙofa, yana ƙara wa mawaƙi farashi, yana sa a adana aikin da da ya ɓace, kuma kamar yadda aka gani a Dakar, yakan sa mutanen gida su sake sauraron abin da suka yi wa gaggawar hukunci. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin addini da ya sa kambu a gaba, sannu a hankali zai fara rubuta abin da zai shiga akwatin, ya bar abin da ya kawo shi fagen tun farko. Mahalia ta yi shekaru fiye da talatin tana waƙa kafin a ƙirƙiro gurbin da za a karrama ta a ciki.

Mu ma nan muna da masu begen Annabi da ke cika fili a lokacin Mauludi, muna da mawaƙan coci a Jos da Kaduna da Yola masu waƙa da Hausa, ga kuma bukukuwan karramawa da ke ta yawaita a otal-otal, wasu na gaske, wasu kuwa kowa ya san yadda ake samun lambar. Duk mai niyyar shirya irin wannan don waƙoƙin addini, tarihin nan ya riga ya nuna masa ramukan da ke hanya. Ya bayyana wa ke zaɓe da yadda aka zaɓo su. Kada kuɗin rajista ko na tura saƙon waya su zama su ne ƙuri'a, don 1971 za ta maimaita kanta. Ya yi hattara da sunayen da zai ba gurabu, don suna na iya mayar da mai gida baƙo. In kuma aka kama maguɗi, ko na babban mutum ne, a soke.

Mu kuma 'yan kallo, in Allah ya kai mu biki na gaba aka fara rigimar an yi mana fashi, kafin mu hau sama mu tambaya tukuna: wa ya tsara fom ɗin, kuma don wa ya tsara shi?

Allah ya sa mu dace.